Firintar rasit tana ƙin haɗuwa idan an kawo wuta: wa ke fara tashi, Bluetooth ko umarnina?

Na Mil 12 ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata matsala da ta fi wata biyu tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ƙanena da ya haɗa mini kayan ya koma Sakkwato karatu, kuma duk sanda na kira shi amsarsa ɗaya ce: "Yaya, kashe ka kunna." Na kashe na kunna har na gaji.

Shagona yana cikin kasuwar Mil 12 a Legas. Wake da shinkafa da gero da busasshen barkono nake sayarwa, mafi yawa buhu-buhu. Manyan abokan cinikina masu gidajen abinci ne daga Ikeja da Ketu da Ojota, kuma aike suke yi, ba kasafai suke zuwa da kansu ba. Wanda aka aiko kuwa ba ya ɗaga ƙafa sai da rasit, don shi ma akwai wadda zai je ya yi wa lissafin kuɗi. A da da hannu nake rubutawa a littafi mai kabon. Ƙanen nan nawa ya ce wahalar ta isa, ya je kasuwar kwamfuta ta Computer Village ya sayo tsohuwar kwamfutar tebur 'yar tokumbo, ya sa mata Linux Mint 21.3, ya soka mata 'yar na'urar Bluetooth a ramin USB na baya, wadda suke ce wa dongul. Abu uku ke rataye da dongul ɗin nan: ƙaramar firintar rasit mai takarda milimita 58, irin wadda ba ta shan tawada, sai kibod marar waya, sai sifika da nake sa karatun Alƙur'ani da safe kafin kasuwa ta cika.

Kafin wani ya ce me ya hana in ja waya: mun ja. Firintar tana teburin gaba kusa da sikeli, kwamfutar tana can ciki a kan kanta saboda ƙurar wake. Waya biyu ɓeraye suka cinye mini. Wanda yake ajiye hatsi ya san abin da nake faɗa.

Ga layin da ƙanen nawa ya bar mini a cikin cron, wato shirin da ke sakin umarni da kansa a lokacin da aka tsara masa, don firintar ta haɗu da zarar kwamfuta ta tashi; na kwafo shi yadda yake, lambar firintar kawai na canza:

@reboot rfcomm connect 0 AA:BB:CC:DD:EE:FF 1 >> /root/firinta.txt 2>&1

Kusan shekara guda abin yana tafiya lafiya lau. Sai faifan ajiyar kwamfutar ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ƙwaro a cikin buhu. Na kai ta aka cire shi aka sa sabon irin faifai mai sauri da ake kira SSD, aka kwashe mini komai aka mayar. Yanzu kafin in gyara zama ta riga ta tashi, har na ji daɗi. Amma tun ranar firintar ta fara wasa da ni. Idan an ɗauke wuta muka tada janareta, ko aka kawo wuta muka mayar, kwamfutar za ta tashi, shirin rasit zai buɗe, in danna ya buga, shiru. Wata rana ta yi, wata rana ta ƙi, babu ƙa'ida. Idan na buɗe baƙin allon rubuta umarni na rubuta umarnin nan da hannuna, nan take take haɗuwa.

Ranar Asabar da ta wuce abin ya kai ni maƙura. Wata mata ta sayi buhu huɗu na wake, mai baro ya riga ya ɗora biyu yana jira, ita tana tsaye tana duban agogo tana magana da direbanta a waya, ni kuwa ina tsugune bayan buhuna da tocilan ɗin waya a baki ina zare dongul ina mayarwa. Daga ƙarshe littafin kabon na lalubo, na yi mata da hannu.

Na buɗe fayil ɗin firinta.txt, abin da ya fi yawa a ciki shi ne wannan:

Can't connect RFCOMM socket: No route to host

Jefi-jefi kuma sai in ga wani mai kama da shi da ya ƙare da "Host is down".

Zargin da nake yi, ko da yake ni ɗan kasuwa ne ba injiniya ba, shi ne umarnina yana riga Bluetooth tashi. To idan haka ne, wa ke tsara wanda zai fara da wanda zai biyo baya? Kuma yaya zan ce masa ya dakata? Tunda na fara, bari in ƙarasa kukana: sifikar ma ba ta haɗuwa da kanta, kullum sai na shiga na danna mata. Kibod ɗin kuma akwai ranakun da bayan ɗauke wuta kwamfutar ke tsayawa a wani baƙin shafi tana cewa in danna F1, in danna in danna ba ta ji. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Ɗan Otigba ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan ai ko kuɗin mota ba sai ka kashe ba. Sauri ne ya haifi nawa: tsohon faifan yana jan ƙafa, kafin ya kai ga cron dongul ya gama shiri. SSD ya zo ya tsere masa. Gyara layin ya zama haka:

@reboot sleep 30 && rfcomm connect 0 AA:BB:CC:DD:EE:FF 1

Zai jira daƙiƙa 30 sannan ya nemi firintar. Na yi wa mutane da yawa haka a nan kasuwarmu.

Maganar F1 kuwa ba ta da alaƙa da Linux ko kaɗan. Ƙaramin batirin nan ne na cikin kwamfutar ya mutu, mai kama da kwabo, CR2032. Shi ke riƙe mata agogo da saitin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke fara tashi kafin Linux, idan babu wuta. Tsofaffin 'yan tokumbo kusan duk haka suke zuwa. Masu gyaran agogo ma suna sayar da shi. A wannan matakin kibod na Bluetooth gunki ne kawai, domin manhajar da ke magana da shi tana cikin faifai, ba a ma fara karanta faifan ba. Ka ajiye kibod mai waya a cikin durowa. Ko ka nemi marar waya irin mai zuwa da ɗan tsinkensa na USB, shi kwamfuta kallon mai waya take masa, yana aiki tun daga BIOS.

Sannan ka rubuta rfkill list ka gani. Idan yaron shagonka ya taɓa kashe Bluetooth daga ɗan hoton nan na ƙasan allo, kwamfutar tana iya riƙe hakan ta tashi da shi a kashe. Idan ka ga "Soft blocked: yes", rfkill unblock bluetooth zai buɗe shi.

Baban Hafsa ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, zarginka daidai ne, kuma ƙanena Ɗan Otigba ya gano cutar. Maganin nasa ne nake da ja a kai. Ka yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don tambayarka ta farko, wa ke tsara wanda zai fara, ita ce ainihin maganar.

Lokacin da na fara taɓa Linux, layi ake bi. Akwai wani wuri /etc/rc2.d, kowane sabis, wato shirin da ke aiki a bayan fage, da lambarsa a gaban sunansa, mai ƙaramar lamba ya tashi ya gama sannan na bayansa. Idan kana so naka ya zo ƙarshe sai ka ba shi 99 ka je ka kwanta. Wannan zamanin ya wuce. Ubuntu, wadda aka gina Mint a kanta, ta koma sabon mai tada sabis-sabis da ake kira systemd a 2015, Mint ta bi sahu a 2016 da fitowar Mint 18. Shi systemd ba ya jera kowa. Ka san yadda 'yan dako ke yi idan tirela ta shigo kasuwarku, kowa ya ruga lokaci ɗaya? Haka yake sakin sabis-sabis. Wanda kawai zai tsaya shi ne wanda aka rubuta masa ƙarara cewa ya jira wane. A takardar cron kuwa babu inda aka ambaci Bluetooth. Saboda haka shekarar nan da ka yi lafiya sa'a ce, ba tsari ba.

Ga yadda Bluetooth ke tashi a irin na'urarka. Kanel, wato zuciyar Linux, zai ga an soka wani abu a USB, ya ɗauko direbansa btusb, ya yi wa dongul rajista da suna hci0. Da zarar hci0 ya bayyana, udev, mai lura da na'urorin da aka soka, zai sanar da systemd, shi kuma ya kira bluetooth.target. Wannan ne ke janyo bluetooth.service, wanda a cikinsa bluetoothd yake, ma'aikacin BlueZ, manhajar Bluetooth ta Linux, mai riƙe da makullan duk abin da ka taɓa haɗawa a /var/lib/bluetooth. To a nan tarkon yake. Systemd yana ɗaukar sabis ɗin ya tashi da zarar bluetoothd ya karɓi sunansa org.bluez a kan D-Bus, layin da shirye-shirye ke magana da juna ta cikinsa. A daidai wannan lokacin mai yiwuwa kanel bai gama da dongul ba, domin da yawansu ba sa riƙe manhajar cikinsu idan wuta ta yanke, dole a sake ɗura musu ita daga /lib/firmware duk tashi. Sai an gama ɗurawa, sannan bluetoothd ya kunna dongul, sannan a iya kiran firinta.

Ka taɓa isa teburin mai shayi da asuba, ya jera kofuna ya yanka burodi, ka zauna, ya ce maka ruwa bai tafasa ba? Idan ka tambayi systemd zai rantse maka mai shayi ya buɗe. Bai yi ƙarya ba, amma shayi babu.

Saƙonni biyun da ka gani ma ba abu ɗaya suke faɗa ba, kuma gara ka riƙe bambancin. "No route to host" yana nufin daga ɓangarenka babu dongul a kunne da za a bi ta cikinsa. "Host is down" yana nufin dongul ɗinka ya yi kira, firintar ce ba ta amsa ba, ko a kashe take ko ta yi nisa. Daƙiƙa 30 za su rufe na farko mafi yawan lokuta. Na biyun ba abin da za su yi masa, domin umarnin sau ɗaya yake gwadawa, idan bai samu ba ya tafi ke nan har sai wani tashin.

Shawarata ka cire layin daga cron, ka buɗe sabon fayil /etc/systemd/system/firinta.service ka zuba wannan:

[Unit]
Description=Firintar rasit
Wants=bluetooth.service
After=bluetooth.service

[Service]
ExecStart=/usr/bin/rfcomm connect 0 AA:BB:CC:DD:EE:FF 1
Restart=always
RestartSec=5

[Install]
WantedBy=bluetooth.target

Sai ka yi sudo systemctl daemon-reload, ka bi shi da sudo systemctl enable firinta.service.

Mutane suna yawan rikita Wants da After. Wants cewa yake a zo da wane, bai ce wa zai riga shiga ba. After cewa yake idan duk za ku shiga to shi ne gaba, amma ba ya aikawa a kira shi. Shi ya sa ake haɗa su. Sai dai gaskiyar magana, ba su ne ke ɗauke da nauyin aikin nan ba, saboda abin da na faɗa na mai shayi. Layuka biyun nan na Restart su ne. Idan ya gwada bai samu ba zai dawo bayan daƙiƙa 5, ya sake, ya sake, har Allah ya sa a dace. Idan haɗuwar ta yanke da rana tsaka ma zai koma nema da kansa. Kada ka cire RestartSec don neman sauri: idan babu shi systemd zai riƙa maimaitawa ba numfashi, kuma ƙa'idarsa idan sabis ya tashi fiye da sau 5 cikin daƙiƙa 10 sai ya yi fushi ya daina tada shi.

Kada ka ɗauki maganata haka nan, ka gani da idonka. Bayan ta tashi ka rubuta:

journalctl -b -o short-monotonic | grep -i -E "bluetooth|cron|hci0"

Lambar da ke farkon kowane layi daƙiƙa ce tun daga kunnawa. Ka kawo mana abin da ka gani. Akwai kuma systemd-analyze critical-chain bluetooth.service, idan kana son ganin su wa shi kansa Bluetooth ɗin ya jira.

Idan kuma kibod ɗin ya ƙi aiki a shafin shiga da kalmar sirri, duba /etc/bluetooth/main.conf, ƙarƙashin [Policy] ya kasance akwai AutoEnable=true ba tare da alamar # a gabansa ba. Daga BlueZ 5.65 na 2022 ne hakan ya zama ɗabi'arsa ko ba a rubuta ba, Mint 21 kuwa 5.64 take ɗauke da shi, don haka layin yana da amfani a wurinka. Sannan ka danna kowane maɓalli sau ɗaya ka ɗan jira, irin kibod ɗin nan barci suke yi, su ne ke neman kwamfuta idan sun farka.

Na Mil 12 ya dawo:

Baban Hafsa, Allah ya ƙara ilimi, ya raya Hafsa. Ɗan Otigba, na gode, batirin nan kuwa shi ne. Na saya wajen mai agogo a Ketu, na buɗe kwamfutar na tarar da tsohon har ya yi fari-fari a gefe. Tun da na canza ban sake ganin F1 ba.

Na fara da ƙara sleep 30 a farkon tsohon layin nawa saboda shi ya fi sauƙi, gaskiya. Kwana biyu lafiya. Rana ta uku aka ɗauke wuta wajen ƙarfe sha ɗaya, na tada inji, shiru, na duba fayil na ga "Host is down". A nan ne na tuna wani abu da ban faɗa muku ba don ban ɗauke shi komai ba. Batirin firintar ya daɗe da mutuwa, a jikin caja take rayuwa. Idan wuta ta yanke tana mutuwa, kuma ko an kawo ba ta tashi sai an danna mata maɓalli an riƙe. Yaron shagona ne ke yin wannan. Ranar kuwa ya raka mai baro bakin titi. Daƙiƙa 30 suka cika suka wuce yana can yana ƙirga buhu.

Da daddare bayan na rufe sai na zauna na yi abin da Baban Hafsa ya ce. Kafin in cire layin cron na cire sleep ɗin, na kashe soket gaba ɗaya na kunna, na duba rahoton. Ga abin da ya nuna: a 4.3 kanel ya ce yana ɗora wani fayil daga rtl_bt a kan hci0. A 4.4 cron ya saki umarnina. A 4.7 aka rubuta "Started Bluetooth service". Layin da ke cewa an gama da manhajar dongul bai zo ba sai 5.4. Wato da daƙiƙa ɗaya kacal umarnina yake riga shi. Daƙiƙa ɗaya ce ta tsugunar da ni bayan buhuna da tocila a baki. Na daɗe ina kallon lambobin nan ina dariya ni kaɗai, mai gadi har ya leƙo.

Na sa firinta.service. Yana aiki, babu ƙarya. Na gwada shi da mugunta: na bar firintar a kashe minti goma bayan kwamfuta ta tashi, na kunna ta, kafin in koma kujera fitilarta ta daina ƙyaftawa.

Amma an gudu ba a tsira ba. Yaron yakan buga rasit daga wayarsa idan ina waya da mutanen gida ko na tafi masallaci, akwai manhajar firintar a wayar. Yanzu wayar ba ta samunta sam. Da ya kashe firintar ya kunna don ya riga, kwamfutar ta sake cafke ta. Jiya har ya ce mini, "Oga, wannan kwamfutar kishi gare ta."

Sifika kuma na yi ƙoƙarin yin wayo. Na kwafi fayil ɗin na yi na biyu, na sa bluetoothctl connect da lambar sifikar. Bai yi ba. A rahoton na ga wannan ya jeru:

a2dp-sink profile connect failed ... Protocol not available

Da na shiga da kalmar sirri sai ta haɗu. Ni kuwa so nake in kunna soket in tafi sharar gaban shago karatu na tashi.

'Yar Idi-Araba ta amsa:

Sannu Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Baba, a gafarce ni zan sa baki a maganar manya.

Bayanin Baban Hafsa kan jerin tashi babu abin da zan ƙara. Amma ina ganin tun farko kalma ɗaya ce ta jawo duk wannan, kalmar connect. Ita cewa take a kira firinta yanzu-yanzu, a riƙe ta kada a saki. Shi ya sa take buƙatar dongul ya shirya, firinta ta shirya, duk a lokaci ɗaya, kuma shi ya sa take hana wayar yaronka, don ƙananan firintocin nan galibi mutum ɗaya suke saurara a lokaci guda.

Akwai 'yar'uwarta bind:

rfcomm bind 0 AA:BB:CC:DD:EE:FF 1

Wannan ba ta kiran kowa. Tana ƙirƙirar /dev/rfcomm0 ne kawai ta rubuta a jikinsa cewa duk wanda ya buɗe ƙofar nan, a kira masa wannan lambar. Sai lokacin da shirinka ya zo buga rasit sannan a haɗa, idan ya gama ya rufe a saki. Da ƙarfe goma na safe kuwa ai dongul ya daɗe da shiryawa. Ka ga maganar wa ya riga wa ta faɗi da kanta. A fayil ɗin Baba ka canza ExecStart zuwa wannan layin, ka cire layukan Restart biyu, ka sa Type=oneshot da RemainAfterExit=yes a madadinsu, tunda umarnin yana gamawa ne ya fita. A ɗakin shan magani na yayata haka na yi mata.

Abu biyu za ka biya. Kowane rasit zai ɗan yi jinkiri kafin ya fara fita, don sai an yi sallama an amsa. Kuma idan shirin yana rufe ƙofar da gaggawa bayan ya tura rubutu, ƙarshen rasit yana iya yankewa. Ka sa ido a kan wannan.

Ita kuwa sifika, matsalarta ta wani gida ce. Bluetoothd ba ya ɗaukar sauti da kansa. A Mint 21 PulseAudio ke wannan aikin, a Mint 22 kuma PipeWire, kuma dukansu na mai amfani ne, sai ka shiga da sunanka suke tashi. Kafin nan babu wanda ya je ya gaya wa bluetoothd cewa ga ni, ni zan karɓi sauti. Saƙon "Protocol not available" abin da yake nufi ke nan. Ba za ka gyara shi da After ba, domin sabis na kwamfuta gaba ɗaya da sabis na mai amfani rumfa biyu ne, kowace da mai tsaronta, ɗaya ba ya ganin jerin ɗaya.

Ka goge fayil na biyun. Ka yi bluetoothctl trust da lambar sifikar sau ɗaya, don idan ita ta nemi haɗuwa a karɓe ta ba tambaya. Sai ka buɗe Startup Applications ka ƙara bluetoothctl connect da lambarta, akwai gurbin jinkiri a wurin, ka ba shi daƙiƙa 10. Idan kana so karatu ya tashi kana shara, dole kwamfutar ta riƙa shiga da kanta ba kalmar sirri, ana saita wannan a Login Window. Amma ka yi tunani tukuna, lissafin bashin mutane yana cikinta, kuma shago ne da kowa ke shiga.

Ɗan Otigba ya amsa:

To Hajiya, jinkirin daƙiƙa 10 da kika ba sifika mene ne sunansa in ba sleep ba? An kore ni ta ƙofa an shigo da kayana ta taga.

Baban Hafsa ya amsa:

Ka ci wannan, Ɗan Otigba. Bambancin dai idan sifika ta ƙi, karatu ne zai makara, ba mai buhu huɗu ce ke tsaye ba.

'Yata, kin fi ni gaskiya a kan bind. Ni hankalina ya tafi kan yadda za a ci tseren, ban tsaya na tambayi ko dole ne a yi tseren ba. Abu ɗaya zan ƙara wa Alhaji ya ajiye a ransa: masu BlueZ sun sa rfcomm da hciconfig da hcitool cikin tsofaffin kayan da suka daina kula da su tun 2017. Debian da Ubuntu da Mint suna ci gaba da kawo su, amma wasu ire-iren Linux sun raba su zuwa wani ƙunshi na daban. Duk ranar da za a sabunta maka kwamfutar, a fara duba rfcomm yana nan kafin a taɓa komai.

Na Mil 12 ya dawo:

Jama'a kwana tara ke nan da na koma bind, na ce bari in kawo rahoto kada a ce na ci na goge baki.

An ɗauke wuta ban san adadi ba a kwanakin nan, ranar Laraba kaɗai sau huɗu, kuma ko sau ɗaya ban tsuguna bayan buhu ba. Yaron yana bugawa daga wayarsa, ni ina bugawa daga kwamfuta, ba mu yi karo ba sai sau ɗaya da muka danna tare, nawa ya ƙi, na sake ya fita. Jinkirin da Hajiya ta faɗa yana nan, kamar daƙiƙa biyu zuwa uku. Kafin in ƙirga canji takarda ta fito, bai dame ni ba. Idan an manta ba a kunna firintar ba shirin yana nuna kuskure, a danna maɓalli a sake, shi ke nan.

Shiga ba kalmar sirri kuwa na fasa. Na tuna akwai mutum uku a layinmu da sunansu ke cikin masu bashi, kuma dukansu nan suke zama shan inuwa. Ina buɗe shago in sa kalmar sirri, in ɗauki tsintsiya, kafin in kai bakin ƙofa sifika ta yi ƙararta ta haɗuwa.

Saura abu ɗaya, kuma Hajiya ta riga ta hango shi. Idan rasit ya yi tsawo, kamar na mai gidan abincin nan da ke sayen kaya kala bakwai, layin ƙarshe ba ya fitowa. Jimillar kuɗi tana fita, abin da ke ɓacewa shi ne "Mun gode, sai kun dawo" da ƙanena ya sa a ƙasa. Na kira shi na karanta masa bayaninku, ya yi shiru, sannan ya ce zai turo mini gyara da zai sa shirin ya dakata daƙiƙa biyu kafin ya rufe ƙofar. Ya ce bayan jarrabawa. Kafin nan da baki nake yi musu godiyar.

Ɗan Otigba, batirin firintar nan ana samun irinsa a wajenku? A jikinsa an rubuta 7.4V. Idan akwai zan aiko yaron ranar Litinin, in ya so ya taho da tsohon a gwada.